Jar ƙasa, ƙaro da akoko: rayuwar wani malamin zane a Jos

Duk baƙon da ya shiga ɗakin zanen Malam a Jos, tambayar da yake fara yi ɗaya ce. Zai tsaya gaban yadin da aka lafta wa ja da baƙi da ruwan ƙasa, ya karkata kai nan, ya karkata can, sannan ya ce, "Malam, wai wannan hoton mene ne?" Malam ba ya saurin amsawa. In baƙon da hula a kansa sai ya ce, "Alhaji, ɗan ara mini hular nan." Ya juya ta a hannu, ya ɗora yatsa a kan ɗinkin, ya ce, "Wannan fa, hoton mene ne?" Baƙo ya ce ai wannan ado ne kawai. "To, cikin huluna ɗari da ke rumfar mai hula, me ya sa ka tsallake sauran ka ɗauki wannan?" Nan baƙo zai fara bayani da bakinsa: kalar ta zauna, zaren bai yi hayaniya ba, tsarin ya cika ido. Malam ya mayar masa da hularsa ya ce, "Da idon da ka zaɓi hula, da shi za ka kalli wancan."

Mu da muka zauna a ajinsa, wasu a sakandare wasu a kwalejin horon malamai, mu muka tattara wannan bayani daga abin da muka gani da idonmu ko muka ji daga bakinsa. Sunansa ne kawai muka bari, don ya ce in dai za a rubuta, a rubuta yadda ake aikin, suna ba ya ƙara wa fenti kauri. Irin zanen da yake yi shi 'yan makaranta ke kira abstirak, wato zane marar siffa: babu mutum, babu doki, babu gida, sai launi da layi da fili, da yadda suka zauna da juna.

A Gangare aka haife shi. Mahaifinsa maɗinki ne, Bazazzagi, wanda harkar kuza ta jawo kan tudun nan kamar yadda ta jawo dubban Hausawa, sai dai shi bai riƙe diga ba, riguna yake ɗinka wa masu cinikin kuzar. A gindin mahaifin nan Malam ya fara ganin yadda ake zana aska takwas a ƙirjin babbar riga da alƙalami da tawada kafin allura ta bi sawu. A makarantar allo kuma ya koyi dafa tawada da gawayi da ƙaro, ya koyi fiƙe alƙalami, kafin gemu ya tsiro masa shi ake kai wa allon masu sauka ya yi musu zayyana. Har gobe yana cewa darasin tsari mafi wuya da ya taɓa ɗauka shi ne zayyana. Allo ba ya ƙara faɗi, kurtu uku ne a gabanka, in ka kuskure gidan farko da faɗin tsinke, kafin ka kai gindin allon kuskuren ya zama faɗin yatsa.

Wurin yawonsa na biyu shi ne gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. A can ya ga kawunan yumɓu na mutanen dā, waɗanda ake kira na Nok, irin waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza. Da aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya a gefen gidan, har da na masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, sai wurin ya zame masa aji na biyu. Babu ɗalibinsa da bai kai can ya zaunar a ƙarƙashin bakan gizon rufin da takarda da gawayi ba.

Da ya sami gurbin karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, mahaifinsa ya kafa sharaɗi ɗaya: kada a shigo masa gida da zanen abu mai rai. Malaman addini sun yi magana mai tsawo a kan wannan mas'ala, dattijon ya riƙi ɓangaren da ya fi tsanani, ɗan kuma bai yi masa musu ba. A aji ya zana mutum da dabba yadda jarrabawa ta nema, takardun kuma suka tsaya a Samaru. Da yawa suna ɗauka sharaɗin nan ne ya tura shi zane marar siffa. Shi cewa yake sharaɗin ya share masa hanyar da dama ita zai bi. Babu abin da ke ɓata masa rai kamar ɗalibin da ya gudo abstirak don hannunsa ya kasa zana tulu. "Ɗana," haka yake cewa, "in ba ka iya zana tulu ba, me za ka cire daga jikin tulun?"

Zariyar da ya tarar a shekarun 1980 tana da tarihi a bayanta. Tun 1958, kafin kwalejin da ke can ta zama jami'a a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, a kan ra'ayin a karɓi kayan aikin Bature amma a ɗebo tsari daga gida. A littafi an karantar da su Malam cewa zane marar siffa ya fara ne da su Kandinsky, mutumin Rasha, wajen 1911. Bai musa wannan ba a matsayin tarihin Turai, amma yakan ce wanda ya shiga cikin birnin Zazzau ya ɗaga kai ya dubi dagin da magina suka yi a fuskar soro ba ya buƙatar a fara masa daga Rasha. Wanda aikinsa ya fi tsaya masa a rai shi ne Gani Odutokun, wanda ya koyar a sashen zane na jami'ar har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995, saboda yadda yake tsinka fentin mai ya bar shi ya kwarara a kan yadi, sannan ya bi abin da kwararar ta haifar ya sarrafa shi.

Malam ya daɗe a kan wannan salo, kuma ga yadda yake yinsa. Yadi a kwance a ƙasa, an ɗaga gefe ɗaya da bulo guda. Fenti a gwangwanin madara, an tsinka shi da tafentain, ruwan tsinka fentin mai, da man linsid, man da ake kwaɓa fentin da shi, har ya yi kaurin koko. Launi ɗaya ake zubawa, a jira ya fara kamawa, sannan a zo da na biyu. Wanda ɗoki ya sa ya zuba uku a jere, laka zai samu, don ja da rawaya da shuɗi in suka cakuɗe jiƙe launin taɓo suke bayarwa. A shimfiɗar farko cokali ɗaya na mai yake sa wa cokali uku na tafentain, kowace shimfiɗa ta sama kuma ana ƙara mata mai. In aka juya, mai maiƙo a ƙasa tsinkakke a sama, na saman zai riga bushewa alhali na ƙasan yana motsi, sai fuskar zanen ta tsattsage kamar bakin kududdufi da rani. In kuma aka cika tafentain babu mai ko kaɗan, zanen zai bushe ya yi kyau, bayan wata biyu ka shafa yatsa launin ya biyo ka kamar hoda, domin man nan shi ke riƙe garin launin a jikin yadi.

Bayan bautar ƙasa ya dawo Jos ya kama koyarwa a wata sakandare. Ajin da aka ba shi ya haura yara 60, darasi sau ɗaya a mako, minti 80, babu ɗakin zane, babu ko kwabo na kayan aiki. Sai ana neman mai rubuta allon sanarwa ko mai fentin ƙofar makaranta ake tunawa akwai malamin zane. A cikin wannan hali ya tsara zangon farko da ya yi ta amfani da shi har ya koma kwaleji, kuma a ganinmu shi ne babban aikin rayuwarsa, ya fi duk wani yadi da ya taɓa sayarwa.

Makonni shida na farko babu launi. Takardar buhun siminti ake yagewa, a kaɗe ta, a yi aiki da falle na tsakiya wanda bai taɓa siminti ba. Gawayi kuwa na girki ne, na itace mai laushi, wanda ba ya karce takarda. Makon farko layi ne zalla, a miƙe da a kwance da a karkace, ɗalibi yana tsaye, hannu yana motsi daga kafaɗa, don wanda ya saba ja daga wuyan hannu ba zai taɓa cika babban yadi ba. Mako na biyu tsani ne mai hawa 9, daga farin takarda zuwa baƙin gawayi, kowane gida santimita 3. Yawancin yara baƙinsu yakan ƙare a gida na shida su rasa inda za su. Sai ya ce su ɗan runtse ido su duba, duk inda gida biyu suka haɗe suka zama ɗaya, a sake daga farko. Ana kuka da wannan tsani, amma wanda ya haye shi ya gama da rabin matsalar launi tun bai taɓa buroshi ba.

Sannan taga. Kwali ne ake huda wa kafa mai faɗin santimita 3 da tsawon 4, a riƙe shi a tsawon hannu, a leƙa wani yanki na bangon makaranta inda ruwa ya zubo, ko tsatsar kwanon rufi, ko tulin duwatsun nan na Jos da suka hau kan juna kamar an jera su. Abin da ya shiga tagar shi kaɗai za a zana, a girmama shi ya cika takarda. Yaro ya gama ya ja da baya, ba ya ganin bango ko kwano, sai faci-facin haske da duhu. Ya yi zane marar siffa tun ba a gaya masa sunansa ba. Makonni biyu na ƙarshe na tulu ne. A zana shi sau biyar, na farko cikakke da inuwarsa da tsagar bakinsa, kowane na gaba a cire wani abu, har na biyar ya rage layi uku ko huɗu. In nauyin tulun da zamansa a ƙasa suna nan a na biyar, an ci. In sun tafi, an cire abin da bai kamata ba.

Da aka shiga launi, huɗu yake bayarwa: ja, rawaya, shuɗi, fari. Baƙi yana kulle a aljihun tebur har ƙarshen zango, saboda sabon hannu da baƙi yake duhunta komai ya kashe launin. Mai son ja ya yi duhu, ɗigon kore zai sa masa. Ya kuma lura tun da wuri cewa 'yan matan da ke yin ƙunshi a gida sun fi kowa tsabtar layi, don sun saba aiki a inda babu gogewa. Rauninsu ɗaya, ba sa barin wuri ya huta, ko'ina sai sun cika. Maganinsa shi ne ya karɓe ƙananan buroshi ya miƙa musu na fentin gida mai faɗin inci 2 na tsawon mako biyu. "'Yata, ki bar wa ido wurin zama," abin da yake faɗa ke nan.

Kanbas na kanti, wato yadin zane da aka riga aka haɗa, ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka a kwaleji kowa sai ya iya haɗa nasa, kuma Malam ba ya duba zanen da aka yi a kan yadin da bai gamsu da haɗinsa ba. Daga kasuwar Katako ake farawa. Katako mai faɗin inci 2 da kaurin inci 1, busasshe, domin ɗanye yana murɗewa in ya bushe, firam ɗin ya daina kwanciya a bango. A sa kafinta ya fere gefen ciki na fuskar katakon, don yadi ya taɓa gefen waje kaɗai. In ba a yi haka ba, duk sanda buroshi ya wuce wurin sai layin katakon ya fito a zanen, kuma ba ya gyaruwa. Bayan an haɗa kusurwoyi a auna da zare daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ɗaya ɓangaren, in tsawon bai zo daidai ba firam ɗin a karkace yake. Duk wanda ya wuce santimita 90 sai an gicciya masa katako a tsakiya.

Yadin kuwa akoko ne mai kauri. A wanke shi sitacin ya fita, ya tsuke iya tsukewarsa tun yanzu, a goge, a yanka da rarar santimita 6 kowane gefe. Ƙusa ta farko a tsakiyar gefe ɗaya, ta biyu a tsakiyar gefen da ke fuskantarsa bayan an ja, sannan sauran gefuna biyu, daga nan a riƙa fita zuwa kusurwoyi ana tsallakawa nan da can, tazarar yatsu uku tsakanin ƙusa da ƙusa. Kusurwoyi su ne na ƙarshe, a naɗe su tsaf. Wanda ya gama gefe ɗaya gaba ɗaya kafin ya koma wani, tattara zai samu a tsakiya. A ƙwanƙwasa da yatsa, ya yi amo kamar ganga, amma kada a ja har saƙar ta karkace.

Shafen farko shi ne inda aka fi yin ha'inci, don ba ya fitowa a ido sai bayan shekaru. Haɗin Malam shi ne kofi 3 na farin fentin bango na ruwa, kofi 1 na farin gam irin Top Bond, sai ruwa kofi 1 a shafen farko kaɗai don ya ratsa saƙa. Shafe uku ake yi, na farko a kwance, na biyu a tsaye, na uku a kwance, kowanne ya bushe sarai a bi shi da samfefa mai laushi. Daga nan a ɗaga yadin a rana a duba ta baya, in ana ganin ƙananan hujojin haske, a ƙara shafe. Dalili shi ne man fenti yana cin auduga, in ya ratsa ya taɓa zaren, yadin zai yi ruwan ƙasa ya riƙa karyewa kamar busasshen ganye. In babu gam a haɗin, fentin bangon zai shanye man zanen ya bar shi a dushe, daga baya ya fara ɓarewa. In gam ya yi yawa, fuskar za ta yi santsi fenti ya ƙi kamawa. Malam ba ya ɓoye wa kowa cewa wannan haɗi bai kai jeso na gaske ba, wato farin shafen da aka yi don wannan aiki, wanda ake shigowa da shi, mai hali ya sayi jeson. Kananzir kuma na wankin buroshi ne kawai, ba ya shiga fenti, don yana hana shi bushewa da wuri ya kuma dusashe shi. Ana iya ɗora fentin mai a kan akirilik, wato fentin zane da ake tsinkawa da ruwa, amma akirilik a kan fentin mai sai ya saluɓe kamar fatar maciji.

Yanayin Jos ma sai da ya koya mana zama da shi. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da asubar Disamba da Janairu sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10, akirilik kuwa ba ya haɗa jikinsa da kyau a irin wannan sanyi, yana bushewa da tsaga. Saboda haka da hunturu ba a taɓa shi sai hantsi ya dubi ludayi. Da rana kuma iskar ta bushe har fenti yana ƙafewa a faranti kafin a kai shi yadi, sai a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a tire, a ɗora takardar da ba ta jiƙa da wuri, a matsa fentin a kanta. Ƙura ita ce abokiyar gabar fentin mai, shi ya sa zanen da bai bushe ba ake jingine shi yana fuskantar bango. Da damina lamarin ya juya. A Agusta yadi yana saki, bayansa yana yin fumfuna in ya manne da bango mai sanyi, gara kuma tana hawa firam in ya taɓa ƙasa. Komai a kan bulo yake ajiye shi, da tazarar tafin hannu daga bango. Banish kuwa, shafen ƙarshe da ke kare fuskar zane, ba ya hawa fentin mai sai ya yi wata shida.

Rikicin 7 ga Satumba 2001 ya raba garin, ɗaliban da ke zama a benci ɗaya suka daina bin hanya ɗaya zuwa gida. Malam ya ci gaba da zuwa aji, amma ya yi kusan shekara bai buɗe ɗakin zanensa ba. A Fabrairun 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus, har da shagon da yake sayen fenti da takarda. Daga nan sai dai a ba direba saƙo zuwa Kaduna ko Legas, kuɗin kuma ya fi ƙarfin albashin malami. Zanukan da ya yi da ya dawo aiki baƙaƙe ne, gawayi da toka, da siririn jan layi a gefe, kuma har yau bai taɓa yi wa kowa bayaninsu ba, mu ma ba mu tambaya. Tsadar nan ce ta mayar da shi ga abin da ya sani tun yana ɗan makarantar allo, wato ya haɗa launinsa da kansa.

Ƙasar yake ɗebowa a inda aka yanka tudu don fitar da titi, ta wajen Bukuru da Rayfield, inda ja da rawaya da farar ƙasa suke kwance hawa-hawa. Abu biyu ya hana ɗalibai. Na ɗaya, zuwa bakin kududdufan kuza, don suna da zurfi kuma gefensu yana zaftarewa. Na biyu, ɗiban yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza, don yana ɗauke da ma'adinan da ke fitar da radiyeshin mai cutarwa, duk kyan launinsa. Mudu ɗaya na ƙasa ake zubawa a bokiti mai lita 10, a tsince tsakuwa, a jiƙa kwana ɗaya. Washegari a dama sosai, a ƙirga minti ɗaya yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman mai launi ta cikin tsohon ɗankwali zuwa bokiti na biyu. Wannan ya kwana, da safe a zubar da garai-garan ruwan da ke sama, laushin da ya kwanta a ƙasa shi ake nema. Sau biyu ake maimaitawa, sannan a shanya a tire a rufe da yadi. Mudun nan da ƙyar yake ba da cikin gwangwanin madara. Niƙa kuma a jiƙe ake yi, a kan gilashi da gindin kwalba, don kada a shaƙi ƙurar. In aka murza tsakanin farce biyu aka ji gurzar yashi, da saura. Rawayar ƙasa in aka soya ta a tsohon kasko sai ta koma ja mai duhu, launi biyu ke nan daga rami ɗaya.

Ƙaron kuwa mai haske ake zaɓa, awo ɗaya a awo biyu na ruwan ɗumi, ya kwana biyu ya narke, a tace. Cokali ɗaya na zuma ga cokali biyar na ruwan ƙaro, don kada ya tsage in ya bushe, da 'yan ƙwayoyin kanumfari saboda fumfuna. Kaɗan ake haɗawa, ba ya son ajiya. Gwajinsa shi ne a ja layi a takarda, ya bushe, a shafa yatsa: in launin ya biyo yatsa ƙaro ya yi kaɗan, in ya yi ƙyalli ya tsattsage ya yi yawa. Na takarda ne kawai, don ruwa yana sake narkar da shi, mai son yadi sai ya kwaɓa garin da man linsid. Duk shekara akwai ɗalibin da zai zo da murnarsa da zoɓo ko lalle ko kurkum. Malam ba ya hana shi. Sai ya ce ya shafa a takarda, ya rufe rabi da kwali, ya liƙa a taga wata ɗaya. Ranar da aka ɗaga kwalin ba a buƙatar jawabi: na ganye da fure sun kwashe kayansu, jar ƙasar da aka shafa kusa da su tana nan yadda aka bar ta.

Kasuwar aikinsa ba a Jos take ba, tana Abuja, wajen ma'aikatan ofisoshin jakadanci da otal-otal da bankuna da 'yan tsirarun masu tara zane. Gidajen baje koli suna cire kasonsu, wasu kashi 30 wasu har rabi. A nan ya sha wuya. Wani dillali ya taɓa kwasar masa zanuka takwas da baki kawai, babu takarda. Bayan shekara biyu biyar suka dawo, kuɗin ukun bai zo ba, biyar ɗin ma an ciro su daga firam an naɗe fuskar fenti a ciki, duk sun tsattsage. Tun daga nan ba ya barin ɗalibi ya gama kwaleji bai iya rubuta takardar miƙa zane ba: sunan aikin, girmansa, irin fentin, kuɗin da aka yanke, kason dillali, ranar dawowa, kwafi biyu, kowa ya sa hannu. In naɗi ya zama dole, fuskar fenti a waje, a kan bututun roba mai faɗin inci 4 ko fiye. Ya kuma ƙi aikin da ake kawo masa da ƙyallen labule a ce ya dace da shi, duk da a nan kuɗin suke, kuma iyalinsa sun ji wannan a tukunya.

Shaida ba ta cika sai da ɗaya gefen. Malam yana da zafi a aji, akwai waɗanda suka bar zane saboda kalma ɗaya da ya faɗa musu a gaban jama'a, kuma wasunsu suna da hannu. Bai iya adana tarihin aikinsa ba. Zanukan shekarunsa goma na farko babu kwanan wata a bayansu, babu hotonsu, bai san a hannun wa suke ba. Waɗanda suka rage a gida daga wancan lokaci, da kananzir da fentin bango marar gam ya yi su, suna ɓarewa a gaban idonsa, kuma su yake ɗauko wa ɗalibai a matsayin misalin abin da ba a yi. Ɗalibansa kaɗan ne suka zama masu zanen baje koli. Yawanci suna koyarwa a firamare da sakandare, wasu suna tsara zanen atamfa da tambari a kwamfuta, wasu suna rubutun allon shago.

Yanzu ya yi ritaya. Hannun dama yana ɗan rawa, don haka ya koma ƙananan ayyuka a takarda, yana jingina wuyan hannu a kan sandar da ya ɗaure wa ƙullin tsumma a kai. Ranar Asabar da hantsi yaran unguwa suna taruwa a zaurensa da takardar buhun siminti, kuma da tsanin nan mai hawa 9 ake farawa. Ba ya sa hannu a zane ranar da ya ji ya gama. Sai ya juya shi bango mako biyu, sannan ya fito da shi da la'asar sakaliya, ya kalle shi a kife, ya kalle shi a madubi, duk inda ido ya maƙale ya kasa wucewa, wurin da saura. Akwai wani babban yadi na jar ƙasa da ke juye a ɗakin tun daminar bara, a kan bulo biyu. Da ɗayanmu ya tambaye shi yaushe za a gan shi, sai ya ce kusurwar sama ta hagu tana surutu, kuma bai gane ko ita za a rage wa ko ta ƙasa za a ƙara wa ba.